Zangon da Jirage Suka Daina Sauka

Akwai wani tsohon hoto da ke yawo a Facebook da WhatsApp, kusan duk shekara sai wani ya sake ɗora shi. Mutum ne a kan raƙumi, da rawani da babbar riga, ya ɗaga kakaki sama yana busawa, a bayansa kuma ga jirgin sama mai farfela a tsaye. A filin jirgin saman Kano aka ɗauke shi, a shekarun 1950. Aikin mutumin shi ne ya busa kakaki in jirgi zai sauka. Masu ɗora hoton sukan rubuta "Allah sarki, Kano ta da" a ƙasansa, masu sharhi su biyo baya da zagin shugabanni, daga nan a wuce zuwa wani hoton. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi me ya kawo jiragen Turai Kano tun farko ba, balle a tambayi me ya kore su. Ni kuwa a ganina wanda bai san amsar tambaya ta farko ba zai yi ta ɗora laifin ta biyu a inda ba nan yake ba.

A watan Yunin 2012 kamfanin KLM na ƙasar Holan ya dakatar da zuwa Kano. Tun 1947 yake sauka a garin ba tare da ya yanke ba, wato shekara 65. Ya ga mulkin Turawa, ya ga 'yancin kai, ya ga yaƙin basasa da juyin mulki iri-iri, duk bai fasa ba. A lokacin da ya tafi, shi kaɗai ne kamfanin Turai da ya rage a filin. Daga ranar, Bakano mai son zuwa Amsterdam ko Landan sai ya fara neman hanyar Abuja ko Legas, ko ya bi ta Alƙahira. Garin da a da mutanen Turai da yawa masu zuwa kudancin Afirka ke taka ƙasarsa, yau shi ke neman inda zai ratsa.

Labarin ya fara ne da sojoji. A farkon watan Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso, suka biyo ta Sudan da ƙasar Cadi. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, wanda daga baya ya zama babban kwamanda a yaƙin duniya na biyu, kuma ƙarshensa ya zo a cikin jirgin fasinja da ya ɓace a tekun Atlantika a 1948, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba. Wannan saukar ita ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Najeriya, shi ya sa a 2025 aka ce harkar ta cika shekara ɗari.

Jirgin fasinja da wasiƙu bai fara zuwa a kai a kai ba sai 1936, lokacin da kamfanin Imperial Airways ya buɗe reshe daga Khartum zuwa Kano, daga baya a cikin shekarar aka ƙarasa da shi Legas. Duba garuruwan da jirgin ke yada zango: El Obeid, El Fasher, Jinaina, Abeshe, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Maiduguri, sannan Kano. Duk wanda kakansa ya je Makka a ƙasa ya san waɗannan sunaye. Hanyar alhazai ce, wadda talakawa ke bi da jaki da ƙafa, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, wasu su shekara bakwai ba su dawo ba, wasu su zauna a Sudan har abada kamar jama'ar Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Bature bai ƙirƙiro hanya ba. Inda rijiya take, da kasuwa, da hukuma, nan ya share fili ya ajiye gangunan mai.

Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar da wannan siririyar hanya babbar gwadabe. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma sojojinta na Masar suna bukatar jiragen yaƙi. Sai aka koma kawo jiragen a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy har Khartum da Alƙahira. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya cikin kimanin shekara uku. Amurkawa ma sun shigo da nasu. Kafin yaƙi ya ƙare, Kano ta samu titin jirgi mai kyau, da rumbunan mai, da na'urorin rediyo, da masu duba yanayi, da ma'aikatan da suka san aikin. Ba don son Kanawa aka yi ba, amma a ƙasarsu aka bar kayan.

Da aka koma zaman lafiya sai kamfanonin Turai suka fara neman hanyar zuwa ƙasashen da suke mulka da inda 'yan uwansu suka yi kaka-gida. 'Yan Beljiyam na son zuwa Kwango, 'yan Holan na son zuwa Johannesburg, Ingilishi na son Legas da Accra. Tsakaninsu da waɗannan wurare akwai Sahara. Jiragen lokacin masu farfela ne, tankinsu ba ya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa kudu a tashi ɗaya. Daga Tarabulus zuwa Kano kusan kilomita 2,400 ne, kuma in ka baro gaɓar teku babu wani babban fili mai cikakken kayan aiki sai ka iso nan. Haka BOAC da KLM da Sabena suka mayar da Kano wurin shan mai. Fasinja ya sauko da tsakar dare ko da asuba, ya sha shayi, ya sayi jakar fata ko 'yar tabarma a hannun 'yan koli, ya koma ya ci gaba da tafiya. Da yawa daga cikin Turawan wancan zamani, abin da suka fara gani na Afirka ta baƙar fata ke nan.

Ƙetare hamadar ba wasa ba ne. A watan Mayun 1952 wani jirgin BOAC samfurin Hermes ya tashi daga Tarabulus da dare zai zo Kano. An yi kuskure wajen saita na'urar nuna alƙibla, jirgin ya yi ta karkata yamma ba a lura ba, har gari ya waye, mai ya ƙare, matuƙin ya kwantar da shi a cikin rairayi a ƙasar Muritaniya, nesa da Kano da fiye da kilomita 2,000. Duk sun fita da rai a saukar, amma mataimakin matuƙin ya rasu kafin a kai su gari. A ranar 24 ga Yunin 1956 kuma wani jirgin BOAC ya tashi daga Kano cikin hadari zai tafi Tarabulus, iska ta danno shi ƙasa, ya daki bishiya, mutum 32 daga cikin 45 suka mutu.

Wannan layi na Tarabulus zuwa Kano ma tsoho ne. Shi ne hanyar ayarin raƙuma ta Ghadames da Ghat da Agadas da Damagaram, wadda ta cika kasuwar Kurmi da kaya tun zamanin Muhammadu Rumfa, ta kuma bar mana unguwa irin Dandalin Turawa, inda Turawan da ake nufi Larabawan arewa ne. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya ƙarasa kashe wannan fatauci, don kaya sun koma bin teku ta Legas. Kano ba ta yi asara ba a wancan karo, saboda dogon da ya kashe raƙumi shi ya kawo cinikin gyaɗa, ya yi su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa. Amma abin lura shi ne garin ya taɓa ganin yadda hanya ke tashi daga wuri in abin hawa ya sauya.

Bahaushe ya san bambancin zango da kasuwa. A zango ayari ke sauka don dabbobi sun gaji, ruwa ya ƙare, dare ya yi. Mai masauki ya samu, mai tuwo ta samu, mai ciyawa ya samu. Amma madugu ba don su ya fito ba, kuma ran da ya samu raƙumin da zai yi tafiyar kwana biyu a yini ɗaya, ko sallama ba zai tsaya yi ba. Kasuwa kuwa ita ake nufa da kayan. Rabin darajar filin jirgin Kano a shekarun 1950 darajar zango ce. Yawancin waɗanda ke cikin jirgin Sabena ba su da wata hulɗa da Kano, tankin mai ne ya sauke su.

Sai ga jiragen jet. Boeing 707 ya fara aiki a 1958, kuma cikin 'yan shekaru ya zamana ana iya tashi daga Turai a sauka Legas ko Leopoldville ba tare da an tsaya ko'ina ba. Akwai abin dariya a nan, irin dariyar da ba ta da daɗi. Lokacin da BOAC ta sa a ƙera mata jirgin VC10, cikin sharuɗɗan da ta gindaya har da ya iya tashi da cikakken kaya daga filaye masu zafi da gajeren titi irin na Kano da Nairobi, domin iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi kamar mai sanyi. Wato an yi la'akari da Kano wajen ƙera jirgin. Da ya fara aiki a watan Afrilun 1964, a kan hanyar Landan zuwa Legas ya fara, kuma yana da ƙarfin da zai tsallake Kano in an ga dama.

Duk da haka jiragen ba su watse nan take ba, kuma wannan ne ke nuna cewa Kano ba zango kaɗai ba ce. Akwai masu saukowa don garin kansa. Akwai Kwarori 'yan Labanan da suka kafa masana'antu da kantuna, har kamfanin jirgin ƙasarsu, MEA, yana zuwa daga Beirut. Akwai masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, masu saƙa da jima da yin alewa da robobi, waɗanda ke bukatar injiniyoyi da kayan gyara daga Turai. Akwai fatar akuya da ake kaiwa Italiya. Akwai ɗalibai da malaman jami'o'in Zariya da Kano, da ma'aikatan gwamnatocin jihohin Arewa, da kuɗin man fetur na shekarun 1970 da ya sa tafiya Landan ta zama kamar zuwa Kaduna ga wasu. British Caledonian na tashi daga Gatwick ta sauka Kano kafin ta wuce Legas. Nigeria Airways, wadda aka kafa a 1958, ita ma jiragenta na zuwa Turai da Jidda sukan biyo ta nan. Sama da duka akwai aikin hajji. Tun shekarun 1950 attajirai irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Mahmud Ɗantata suka shiga jigilar alhazai, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, Kano ta zama ƙofar Makka ga Arewa da maƙwabtanta.

Filin ya ga baƙin ciki ma a waɗannan shekaru, kuma bai kamata mai ba da tarihinsa ya tsallake ba. A ranar 1 ga Oktoban 1966 sojojin da suka yi bore suka kashe 'yan ƙabilar Ibo a cikin filin, ma'aikata da masu jiran jirgin da zai kai su gida. A ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkato da shi Kano saboda yanayin Legas ya ɓaci, ya yi haɗari wajen sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu. Har yau akwai gidajen da ake lissafin shekaru da wannan rana.

Abin da ya cinye sauran jiragen a hankali ya zo, kuma daga wurare da dama. A 1979 aka buɗe sabon ginin filin jirgin Murtala Muhammed a Legas. A 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, tikitin da malamin makaranta ke iya saye ya fi ƙarfin albashinsa na shekara. Masana'antu suka fara rufewa, wutar lantarki ta gagara, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Kamfanin British Airways ya haɗiye British Caledonian a ƙarshen shekarun 1980, kuma yau Legas da Abuja yake zuwa. Nigeria Airways ta yi ta rarrafe da bashi har ta mutu a 2003. Kabo Air, da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, ya riƙe jigilar alhazai da manyan jirage na tsawon lokaci, amma jigilar hajji aiki ne na wata biyu a shekara.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi yi wa filin Kano illa, ni Abuja zan nuna. A ranar 12 ga Disamban 1991 gwamnati ta tare a sabon babban birni, ofisoshin jakadanci suka biyo ta sannu a hankali. Kafin nan, Kano ce babbar ƙofar shigowa Arewa daga waje. Bayan nan sai Arewa ta samu ƙofa ta biyu, kuma a bakin wannan ƙofar ne masu tikitin tsada suke. Kamfanin jirgi ba yawan kawuna kawai yake ƙirgawa ba. Kujerun gaba, na jakadu da 'yan kwangila da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji waɗanda ofis ke biya musu, su ke fitar da ribar tafiya mai nisa. Ɗan kasuwar Kwari mai neman tikiti mafi araha da kilo mafi yawa yana cika jirgi, amma ba ya cika aljihun kamfani. Shi ya sa a shekarunsa na ƙarshe jirgin KLM yakan haɗa Abuja da Kano a tafiya ɗaya. KLM ɗin ma ta riga ta haɗe da Air France tun 2004, lissafin hanyoyinta ya koma na babban kamfani mai duba kowane layi da idon riba.

Sai ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da Boko Haram ta kai hare-hare a Kano, aka kashe mutum fiye da 180 a yini ɗaya. Baƙi suka tattara, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu kan zuwa Arewa. Bayan wata biyar KLM ta tafi. Mutane da yawa suna ɗora tafiyar a kan wannan hari kaɗai. Ni ina ganin icen ya daɗe da cin gara, guguwar ta zo ta same shi ne.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa duk makirci ne aka ƙulla wa Arewa. Ba na cewa babu siyasa a harkar. Gwamnatin tarayya ce ke ba kamfanin waje izinin garin da zai sauka, kuma bayan tafiyar KLM 'yan majalisa da 'yan kasuwar Kano sun yi ta zargin ma'aikatar sufurin jiragen sama da hana wasu kamfanoni zuwa, ma'aikatar tana musantawa. Ƙorafin yana da tushe, tunda izini a hannun mutum yake, mutum kuma yana da son rai. Amma izini ba ya sa jirgi ya zauna. Garin Gander na ƙasar Kanada ya taɓa zama wurin shan man kusan duk jirgin da zai ƙetare Atlantika, yau ƙaramin gari ne shiru. Anchorage ta jihar Alaska ta yi shekaru tana karɓar jiragen Turai masu zuwa Japan, saboda Tarayyar Sobiyet ta hana bi ta samanta. Da aka buɗe wannan sama, aka kuma samu jirage masu dogon zango, sai fasinjojin suka ɗauke ƙafa. Babu ministan da ya ƙulla musu komai. Anchorage dai ta samu mafita, ta koma babbar tashar jiragen kaya tsakanin Asiya da Amurka. Kano kuwa har yanzu riɗinta da zoɓonta da fatarta a bayan tirela suke yin tafiyar kilomita kusan dubu zuwa tashar ruwan Legas.

Wani abin da masu kukan hoton raƙumi ba sa faɗa shi ne filin bai mutu ba, alƙiblarsa ce ta juya. Jiragen waje da ke sauka Kano a 'yan shekarun nan na gabas ne: na Masar, na Saudiyya, na Habasha, da Qatar Airways da ya fara zuwa a 2022. Cikinsu 'yan Umara ne, da masu zuwa asibiti a Alƙahira ko Indiya, da ɗalibai, da 'yan kasuwa masu sarin kaya a Dubai da Guangzhou. Waɗannan aƙalla don Kano suke zuwa, mutanen garin suke ɗauka. Sai dai kowannensu yana kwasar fasinja ne ya kai babbar tasharsa, Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira, a can a rarraba su zuwa duniya. Aikin da Kano ta yi wa wasu a 1950 shi waɗannan garuruwa ke yi mata yau, da bambanci ɗaya: su suna da kamfanin jirgi na kansu da ya mayar da garinsu cibiya da gangan. Habasha ta kafa nata tun 1945 ta kuma riƙe shi da kyau. An gina wa Kano sabon ginin fasinjojin waje da bashin China, tare da na Abuja da Legas da Fatakwal, amma gini ba ya kiran jirgi.

Matsayin garin a taswira bai gusa ko taku ɗaya ba. A watan Agustan 2023, da sojojin Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasarsu bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye, wasu suka ƙara sa'o'i a tafiyarsu, wasu suka tsaya shan mai a hanya. Layin da raƙuma suka bi, jiragen farfela suka bi, har yanzu shi ne gajeriyar hanya. A taswirar matuƙa jiragen sama ta duniya kuma, sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya, har da na saman Legas da Abuja, sunan Kano yake ɗauke da shi, gadon wancan zamani da nan ce cibiyar kula da zirga-zirga. Cikin dare, in jirgin Amsterdam mai zuwa Johannesburg ya biyo ta wannan layi ya baro saman Nijar, matuƙin zai kira Kano ta rediyo, ya faɗi sunan jirginsa da tsayin da yake kai. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya amsa masa, ya ba shi izinin wucewa. Wanda ke kwance a tsakar gida a Fagge ko Kurna lokacin zafi, in sama ta yi garau, zai iya hango 'yar fitilarsa tana ƙiftawa, ta nufi kudu.